Wa Ya Dace Ya Yanke wa Harshen Kwamfuta Hukunci: Mutum Ɗaya ko Majalisa?

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Kubwa, ko a Byazhin yake ko a gefen titin Gado Nasko, in ya buɗe Python ya rubuta ƙidaya = 10, kwamfuta za ta karɓa ba gardama. Haka nan in ya sa wa wani abu suna ɗalibai ko ɓangare. Kafin 2008 kuwa kuskure za ta nuna masa, domin a lokacin harshen ba ya yarda da kowane harafi a cikin suna sai na Ingilishi. Sauyin ba daga sama ya faɗo ba. A 2007 wani Bajamushe, Martin von Löwis, ya rubuta takardar shawara mai lamba 3131 yana neman a buɗe wa haruffan sauran harsunan duniya ƙofa. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe mutum ɗaya ya ce ya amince, abin ya shiga Python 3.0 a Disamba 2008.

Mutumin nan shi ne Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, wanda ya fara ƙera Python a Amsterdam a ƙarshen 1989, ya fitar da shi ga jama'a a 1991. Kusan shekara talatin shi ke da wuƙa da nama a kan harshen, har abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan mai kama-karya mai tausayi na har abada. Yau majalisa ce ta mutum biyar ke riƙe da wannan iko. To wanne ya fi? Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da matasa miliyan uku, duk wanda ya zaɓi nazarin bayanai ko ƙirƙirarriyar basira da wuya ya kauce wa Python. Abin da mutum biyar ɗin nan suka zartar shi ne zai tarar a allonsa, ko ya san sunayensu ko bai sani ba.

Ga yadda aikin ke tafiya. Tun shekarar 2000, mai son a sauya wani babban abu a harshen sai ya rubuta takarda da ake kira PEP, a ba ta lamba. A ciki zai faɗi matsalar da ya gani, da maganin da ya kawo, da abin da maganin zai ɓata wa masu tsohon aiki, da sauran hanyoyin da aka duba aka ajiye tare da dalilin ajiye su. A baje ta a fili kowa ya tofa albarkacin bakinsa, wani lokaci har watanni. Sai mai yanke hukunci ya karɓa ko ya ƙi. Wadda aka ƙi ba a yaga ta, tana nan da lambarta da dalilin ƙin ta. Wannan tsari bai canza ba tsakanin zamanin Guido da na majalisa. Bakin da ke furta kalmar ƙarshe kawai ya canza.

Masu goyon bayan mutum ɗaya suna da hujja mai nauyi, kuma ban ga amfanin rage mata ƙarfi ba. Suna cewa harshe abu ne mai bukatar ɗanɗano guda. Abin da ya sa malami ke iya ɗora yaron da bai taɓa rubuta manhaja ba a kan Python, cikin 'yan makonni ya fara karanta aikin wasu yana ganewa, shi ne wani mutum ya shafe shekaru yana ƙin abubuwa masu kyau don kawai ba su dace da sauran ginin ba. Kwamiti ba shi da ɗanɗano, sulhu yake da shi. Wannan ya kawo nasa, wancan ya kawo nasa, don kada a ɓata wa kowa sai a zuba duka biyun. Suna tuna mana da ALGOL 68, wanda kwamitin manyan masana na duniya ya tsara, ya fito da sarƙaƙiyar da ta sa wasu daga cikin 'yan kwamitin, ciki har da Edsger Dijkstra da Tony Hoare, suka sa hannu a takardar nuna rashin amincewa. Niklaus Wirth, wanda kwamitin bai ɗauki tsarinsa ba, ya koma gefe shi kaɗai ya ƙera Pascal a 1970, harshen da jami'o'inmu suka daɗe suna koyarwa. ALGOL 68 kuwa sai a littattafan tarihi.

Suna ƙarawa da cewa kwamiti na kashe abu da jinkiri ba tare da wani ya ɗauki laifi ba. JavaScript, harshen da kusan kowane shafin intanet ke motsi da shi, kwamitin TC39 na ƙungiyar Ecma ke kula da shi, kuma al'adarsu ita ce ba a wucewa sai kowa ya yarda. Bayan bugu na uku a 1999, suka shiga tsara na huɗu. Mozilla da Adobe na so, Microsoft da Yahoo suka ƙi. A 2008 aka binne aikin gaba ɗaya, bugu na gaba bai fito ba sai Disamba 2009, shekara goma cif. A C++ ma, wanda ke ƙarƙashin hukumar ISO, an cire wani babban ɓangare na tantance nau'in bayanai a taron Frankfurt na 2009 bayan wahalar shekaru, bai dawo ba sai a bugun 2020.

Hujjarsu da ta fi taɓa ni ita ce ta takarda 3131 ɗin nan. Waɗanda suka yi adawa da ita ba jahilai ba ne. Sun ce akwai haruffa masu kama da juna kamar tagwaye, misali harafin a na Rashanci da na boko, mugu zai iya ɓoye tarko a cikin manhaja da su. Sun ce wanda ba shi da harafin a madanninsa ba zai iya gyara aikin wani ba. Damuwarsu ta farko ma ta tabbata, don a 2021 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna yadda ake yaudarar idon mai duba manhaja da irin waɗannan alamomi. Kuma yawancin masu faɗa a ji a lokacin Ingilishi ya wadatar da su, ba abin da za su ƙaru da shi. Mutum ɗaya ne ya auna ya ga yaron Japan da na Girka, da na Kano wanda ƙila bai taɓa tunaninsa ba, sun cancanci su kira abu da sunansa, ya amince, tare da sharaɗin cewa taskar harshen ta asali za ta ci gaba da amfani da haruffan Ingilishi. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: majalisar da ke neman yardar kowa za ta iya irin wannan ƙarfin hali?

Duk da haka majalisa nake goyon baya, kuma dalilina na farko yana cikin wannan Python 3.0 ɗin da ya kawo mana ƙ da ɗ. Shi ne bugun da ya karya jituwa da tsohon harshen. Manhajar da aka rubuta da Python 2 ba ta tafiya a kan 3 sai an bi ta an gyara, har umarnin da ake fara koya wa yaro, na buga rubutu a allo, sai da ya canza siffa. Gyaran yana da dalilai masu kyau. Amma duniya ta rabu gida biyu, kamfanoni suka ƙi ƙaura, littattafai suka zama iri biyu, ba a iya rufe babin Python 2 ba sai ranar 1 ga Janairu 2020. Har yanzu ɗalibi kan sauke tsohon littafi kyauta ya kwafi misalin farko, kwamfuta ta ƙi, ya ɗauka shi ne bai da kai. Sauya harshen da miliyoyin mutane ke aiki da shi kamar gyaran babban titin Kubwa ne da safiyar Litinin: ko injiniyan ya fi kowa iya aiki, ba za a ba shi damar rufe hanya don zanensa ya fi kyau ba. Ɗanɗanon mutum ɗaya yana da daraja ranar da ake zana abu a farar takarda. Ranar da jama'a suka hau kai, abin da ake bukata shi ne wanda zai ce a dakata.

Jinkirin da ake zargin kwamiti da shi sau da yawa wannan dakatawar ce. A 2018 TC39 ya so ƙara wa JavaScript wani umarni mai suna flatten. Sai aka gano tsofaffin shafuka masu amfani da wata taska da ake kira MooTools za su lalace in aka yi amfani da sunan. Masu shafukan ba sa cikin zauren, wasu ma sun daɗe da daina kula da su. Kwamitin ya sauya sunan zuwa flat. Mai son tsafta zai ce an bar tsohon kuskure ya juya harshe. Ni kuwa ina ganin an kare haƙƙin wanda ba ya nan.

Dalili na biyu shi ne mutum yana gajiya. A 2018 aka kawo takarda 572, wadda ta nemi a ƙara alamar := don a iya ba abu suna a tsakiyar lissafi. Ƙaramin abu ne a ido, amma rigimar da ya tayar ta wuce misali. Guido, wanda yana cikin marubutan takardar tare da Chris Angelico da Tim Peters, ya amince da ita. Bayan 'yan kwanaki, ranar 12 ga Yuli, ya sanar da cewa ya sauka, yana mai cewa ba ya son ya sake yin irin wannan faɗa a kan wata takarda sannan ya tarar mutane da yawa sun tsani hukuncinsa. Bai naɗa magaji ba. Fiye da wata shida harshen da bankuna da jami'o'i da asibitoci ke dogaro da shi ba shi da mai yanke hukunci. A lura kuma da abin da ya faru a takardar: mai kawo ƙara shi ne alƙali. Ko hukuncin daidai ne, wanda ya sha kaye ba zai natsu ba.

A Disamba 2018 manyan maginan harshen, wato waɗanda ke da izinin shigar da gyara a cikinsa, suka kaɗa ƙuri'a a kan tsare-tsaren mulki daban-daban, suka zaɓi na majalisa. Ta farko ta zauna a farkon 2019: Barry Warsaw, Brett Cannon, Carol Willing, Nick Coghlan da Guido kansa, wanda bai nemi zagaye na biyu ba. Dokar da maginan suka rubuta wa kansu, takarda mai lamba 13, tana da abubuwan da suka cancanci a tsaya a kansu. Ana sabunta zaɓe bayan kowane babban bugu, wato kusan duk shekara. Ba a yarda fiye da mutum biyu su fito daga kamfani ɗaya ba. Kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a za su iya tsige mutum ɗaya ko majalisar duka. Kuma dokar ta umarci majalisa ta rage amfani da ikonta gwargwadon hali, ta fara neman daidaito kafin ta yanke.

An gwada tsarin a 2021. Akwai wani sauyi a kan yadda harshen ke karanta bayanan nau'i, takarda 563, wanda aka amince da shi tun zamanin Guido, aka shirya ya zama dole a bugun 3.10. Ana dab da rufe ƙofa sai Samuel Colvin, mai taskar Pydantic, da Sebastián Ramírez, mai FastAPI, suka nuna cewa sauyin zai karya ayyukan ɗimbin masu amfani da kayansu. A watan Afrilu majalisa ta janye shi daga bugun, daga baya ta karɓi wata hanya dabam, takarda 649. Ja da baya irin wannan ya fi sauƙi ga mutum biyar da aka zaɓa na shekara guda fiye da mutum ɗaya da sunansa ke manne da hukuncin. Kuma ba a ce majalisar matsoraciya ce ba: a 2021 ɗin dai ta amince da sabon salon tantance siffar bayanai da ya raba kan jama'a, a 2023 ta amince a fara cire tsohon ƙullin da ke hana Python cin moriyar ƙwaƙwalen kwamfuta da yawa a lokaci guda, bisa sharaɗin a bi a hankali kuma a iya komawa baya in abin ya ƙi.

Mu Hausawa mun san zaman kwamiti a kan harshe. An kafa Hukumar Harshen Hausa a Arewa a 1955, UNESCO ta tara masana a Bamako a 1966 don daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Barbarci da wasu, an sake zama a Yamai a 1980. Har yau Nijar na rubuta ƴ, mu muna rubuta 'y, kuma ba wanda ya kasa karanta wasiƙar ɗan'uwansa saboda haka. A nan ne harshen kwamfuta ya bambanta. Kwamitin ƙa'idar rubutu shawara yake bayarwa, marubuci ya bi ko ya ƙi. Hukuncin kwamitin Python na'ura ce ke zartar da shi, ba ta jin roƙo. Misali ƙarami: ɗalibin Maraɗi zai iya sa wa jerin sunaye ƴan_aji ya wuce, na Kubwa in ya rubuta 'yan_aji kuskure zai gani, domin a Python wannan alama buɗe zance take yi. Ikon da ba a iya kauce masa haka bai kamata ya zauna a hannun da ba a iya tsigewa ba.

Sai dai akwai wurin da nake ganin ɓangarorin biyu duk sun kauce wa ainihin ciwon. Ana ta musu a kan mutum nawa za su yanke hukunci, ba a tambayar muryar wa ke isa kunnensu. Colvin da Ramírez an saurare su domin sanannu ne, sun iya Ingilishin muhawara, kuma suna da lokacin bibiyar zancen. Cire ƙullin da na ambata aikin Sam Gross ne, ma'aikacin Meta, kuma kamfanin ya yi alkawarin ba da injiniyoyinsa don a ƙarasa. Guido kansa ya yi aiki a Google da Dropbox, ya shiga Microsoft a 2020. Ba zargin kowa nake da mugun nufi ba. Amma wanda ake biyansa albashi don ya zauna ya karanta doguwar muhawara ba ɗaya yake da malamin da ya tashi da asuba ya bi layin mota zuwa Sakatariya, ya dawo Kubwa bayan magariba ya koyar da aji biyu, sannan ya lissafa sauran datarsa ba. Dokar mutum biyu daga kamfani ɗaya tana hana kamfani mamaye kujeru. Ba ta hana matsalolin masu manyan na'urori su zama su ne kullum a kan tebur.

Ga inda abin ya taɓa mu a jiki. Python na da ƙa'ida, a takarda mai lamba 11, cewa sabon bugu zai tallafa wa nau'in Windows ne muddin Microsoft na tallafa masa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairu 2020, don haka Python 3.9 da ya fito a Oktoban shekarar ba ya hawa kansa. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu a Banex ko ya gaji ta yayansa, tana ɗauke da Windows 7, ya tsaya ke nan a 3.8, wanda shi ma aka daina yi masa gyaran tsaro a Oktoba 2024. Masu ƙa'idar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: yawancin maginan 'yan sa-kai ne, ba za su iya gwada aiki a kan tsarin da mai shi ya yi watsi da shi ba, kuma Linux na nan kyauta, yana tafiya a kan tsohuwar na'ura. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaure ƙa'ida ga kalandar kamfani guda, alhali a ƙasashe irin namu kwamfuta takan fara rayuwarta ta biyu ne a daidai lokacin da can aka gama da ita. Windows 10 ma tallafinsa na gama-gari ya ƙare a Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya hawa kan tsofaffin na'urori da yawa saboda sharuɗɗan kayan ciki da ya gindaya. Tambayar za ta sake tasowa.

A nan ma majalisa ta fi mana, domin ita tana da ƙofar da aka san inda take. A wajen mutum ɗaya sai dai ka yi fatan tausayinsa ya faɗo kanka, kamar yadda ya faɗo a 2007. A wajen majalisa akwai takarda da za ka ƙalubalanta da lambarta, akwai zaɓe duk shekara, akwai hanyar da mai gyara ke bi har ya zama mai ƙuri'a. Marlene Mhangami 'yar Zimbabuwe ta shiga hukumar gudanarwar gidauniyar Python a 2017, ita ce ta farko daga Afirka, ta kuma jagoranci taron PyCon Africa na farko a Akra a 2019. Gidauniyar ba ita ke tsara harshen ba, amma daga irin wannan kusanci ake fara jin sunan mutum. Najeriya na da nata taron PyCon tun 2017. Ecma na karɓar jami'o'i da ƙungiyoyin da ba na riba ba a matsayin mambobi, ƙofar ISO kuma ta hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, take bi.

Abin da ya juya hukunci a 2021 hujja ce da aka iya nunawa: ga manhajar, ga inda za ta karye, ga masu dogaro da ita. Malaman da ke koyarwa a Kubwa da Zariya da Sakkwato suna riƙe da irin wannan hujja a ajinsu, domin sun san kwamfutoci nawa ne ba sa ɗaukar sabon bugu, da saƙonnin kuskure da ke sa ɗalibi ya yanke ƙauna. Hukumar NITDA, wadda ke tafiyar da 3MTT, ita ta fi kowa damar tattara wannan daga cibiyoyin horarwa ta miƙa shi a rubuce. Python na fitar da babban bugu kowane Oktoba, amma tun a watan Mayu ake rufe ƙofar sababbin sauye-sauye, don haka duk ƙorafin da ake son ya yi tasiri a bugun shekara sai ya isa kafin nan.